Yawon buɗe ido a Mambila: A fara da ɗan jagora kafin otal

Matafiyin da ya tashi daga Jalingo zuwa Gembu yakan gane inda ƙasa take sauya kama ko da ba a faɗa masa ba. Bayan an wuce Bali da Serti, a Mayo Selbe hanya take fara hawa, tana lanƙwasa tana nannaɗe dutse, direba ya sauko da giya, wanda ke zaune gefen taga ya riƙa kau da ido daga kwazazzabon da ke ƙasa. Kafin a kai Maisamari zufa ta bushe a jiki, an fara laluben rigar sanyi a cikin jaka. Daga nan sai fili ya buɗe har iya ganin ido: tuddai suna bin juna, ciyawa ta lulluɓe su shar idan damina ce, shanu farare da jajaye sun bazu a kai, jerin bishiyoyin turare sun kewaye gidaje da gonaki. Wannan shi ne Tsaunin Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, kuma da wuya a yi taron zuba jari a jihar ba a ambace shi a matsayin wurin da zai kawo kuɗin yawon buɗe ido ba. Na yarda zai iya kawowa. Inda na sha bamban da masu wannan magana shi ne hanyar da suke so a bi. Tunaninsu yakan fara da katafaren otal da filin wasan golf da ginin da za a yanka masa kyalle, alhali abin da Mambila ke da shi na sayarwa tafiyar ƙasa ce da hawan dutse da hawan doki da kwana a sarari, kuma irin wannan kasuwa tana tsayawa ne a kan mutanen wurin. Idan aka fara da su za ta ɗore, idan aka tsallake su kuwa kuɗin gwamnati ne zai salwanta, wataƙila har da zaman lafiya.

Yana da kyau a san abin da ake magana a kai. Tsaunin yana kan tsayin kimanin mita 1,600 daga teku, abin da ya sa zafin rana bai cika wuce digiri 25 ba, kuma rashin ƙudan tsando a can sama ne ya ja Fulani makiyaya suka zauna da garkunansu kusa da manoman Mambila da Kaka da sauran ƙabilun wurin. A gefensa akwai Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991 ta hanyar haɗe gandayen Gashaka da Gumti, shi ne mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa, hedikwatarsa tana Serti. A cikinsa ne Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, a kan iyaka da Kamaru. A kurmin gandun akwai birin nan mai kama da mutum da ake kira cimfanzi, irin da ba a samun sa sai a Najeriya da Kamaru, akwai ɓauna da dorina da gwanki da tsuntsaye iri-iri ɗaruruwa. Kusa da ƙauyen Gashaka akwai kufan sansanin sojan Jamus, shaidar cewa wannan yanki ya taɓa zama ƙarƙashin Kamarun Jamus kafin Ingila ta karɓe shi, kafin kuma ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigar da shi Najeriya da sunan Lardin Sardauna. A kan tsaunin kansa akwai gonar shayi ta Kakara, inda ake yin Highland Tea, da kurmin Ngel Nyaki da masana daga wata jami'a a New Zealand suka shafe sama da shekara ashirin suna bincike a ciki tare da matasan ƙauyen Yelwa. Duk wannan yana nan tun kafin a ware ko sisin kwabo a kasafin kuɗi.

To me ya sa nake tsoron a fara da gini? Domin an riga an gwada, kuma sakamakon yana Obudu a Jihar Kuros Riba ga mai son gani. Obudu ma tsauni ne mai sanyi da ciyawa, kusan tsayi ɗaya da Mambila, wanda Turawa suka kafa wa gonar shanu a 1951. A zamanin Gwamna Donald Duke aka zuba masa kuɗi masu yawa, aka gina masaukai da wurin taro, aka kafa motar igiya mai tafiya a sama ta kimanin kilomita 4 a 2005, aka kuma fara gasar gudun hawan dutse da ta jawo 'yan tsere daga ƙasashen waje. An yi 'yan shekaru ana cin moriya. Amma irin waɗannan kayayyaki suna cin kuɗi kullum, ko baƙo ya zo ko bai zo ba: injin yana son gyara, kayan gyaran daga waje suke zuwa, janareta yana shan man dizil, ma'aikata suna jiran albashi. Da gwamnati ta sauya, hankali ya koma wani wuri, motar igiyar ta shafe lokaci mai tsawo a tsaye, gasar ta yi shiru, gine-gine suka fara lalacewa. Ba mugunta ce ta jawo haka ba. Tsarin ne tun farko ya dogara da aljihu ɗaya, na gwamnatin jiha, kuma gwamnatin jiha tana da albashi da asibiti da makaranta a gabanta, sannan duk bayan shekara huɗu ko takwas wani ne yake zuwa da nasa burin. Taraba ba ta fi Kuros Riba kuɗi ba, kuma hanyar Gembu ta fi ta Obudu nisa daga manyan birane.

A duba ɗaya ɓangaren. Mutum goma da suka yi niyyar hawan Chappal Waddi ba su buƙatar ɗaki mai na'urar sanyaya iska, domin sanyin wurin ma bargo yake nema. Abin da suke buƙata shi ne mota daga Nguroje, irin tsofaffin Land Rover ɗin nan da har yau suke aiki a can saboda su ne suke iya laka, ko kuma babura. Ɗan jagora da ya san inda rafi yake ƙetaruwa da inda hazo yake rufe hanya da yamma. 'Yan dako masu ɗaukar tanti da abinci. Mai doki ga wanda ƙafarsa ta gaza. Matar da za ta dafa masu tuwon masara. Rugar da za su sayi kindirmo da man shanu. Jauron da zai ba su wurin kwana a ƙauyen ƙarshe. Kowace naira da suka kashe a wannan tafiya ta kwanaki tana faɗawa hannun wani da ke zaune a wurin, kuma ba ta jira sai an kammala kwangila. Wannan ba hasashe ba ne. A Nepal, yankin Annapurna ya zama ɗaya daga cikin wuraren tafiyar ƙasa mafi shahara a duniya ba tare da gwamnati ta gina masaukai a kan hanya ba. Iyalai ne suka mayar da gidajensu ƙananan masaukai masu ɗaki 'yan kaɗan da murhu, sannan tun 1986 aka kafa shirin kula da yankin wanda yake karɓar kuɗin shiga yana mayar da su kan gyaran hanyoyin ƙafa da gadoji da dashen itatuwa, tare da kwamitocin ƙauyuka. A Kilimanjaro na Tanzaniya doka ce ba a hawa sai da jagora mai lasisi, kuma wannan doka ɗaya ta samar wa dubban matasa aikin jagora da dako da girki. Jarin da irin wannan tsari yake nema ƙarami ne, kuma idan baƙi suka ragu wata shekara, mai doki ya koma kiwonsa, mai masauki ya koma gonarsa, babu bashin biliyoyi a wuyan kowa.

Sai kuma tambayar waye baƙon. Masu tsara takardu sukan zana Bature da kyamara a wuya, mai biya da dala. Ina ganin kuskure ne a ɗora gini a kansa, kuma maƙwabtanmu na Agadas sun fi kowa sanin dalili. Duwatsun Abzin da hamadar Tenere sun yi shekaru suna karɓar Turawa, jirage suna sauka kai tsaye daga Faransa, ɗaruruwan mutane suna cin abinci da tuƙi da jagora da ƙira da sayar da kayan hannu. Tawayen da ya ɓarke a yankin a 2007, da soke tseren motoci na Dakar a 2008 bayan kashe Faransawa huɗu a Muritaniya, da sace ma'aikatan kamfanin Areva a Arlit a 2010, suka tsayar da kasuwar cak. Sanarwa ɗaya daga ofishin jakadanci ta isa ta hana Bature zuwa har shekara goma. Baƙon da ya kamata Mambila ta fara nema yana Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yola, inda zafi yake haura digiri 40 a watan Afrilu, yana Abuja da Jos da Kaduna, inda matasa suka riga suka kafa ƙungiyoyin hawan dutse suna fita kowane ƙarshen mako, yana jami'o'i da kwalejoji da ke neman inda za su kai ɗaliban labarin ƙasa da kimiyyar tsirrai. Akwai iyalai da yawa a Arewa da suke kashe miliyoyi su tafi hutu Dubai ko Masar, waɗanda ba su taɓa jin cewa a ƙasarsu akwai wurin da ake hura wuta don jin ɗumi a watan da wasu ke kwana a waje saboda zafi ba. Ɗan ƙasa ba ya neman biza, yana jin Hausa ko Fulfulde ko Turancin kasuwa, ya san yadda ake gaida dattijo, kuma idan ya ji daɗi zai dawo da abokansa. Baƙon waje zai biyo baya idan ya ga 'yan gida suna zuwa suna komawa lafiya.

Hujja mafi nauyi da za a kawo a kan wannan ra'ayi ita ce ta ƙasa, kuma ba zan raina ta ba. A Mambila fili shi ne rai. Manomi yana ganin gonakin kakanninsa sun ƙuntata, makiyayi yana riƙe da takardar filin kiwon da ya kewaye da waya, manyan mutane daga nesa sun mallaki manyan filaye, kuma wannan taƙaddama ce ta ɓarke a watan Yunin 2017 aka yi asarar rayuka da dukiya da dabbobi masu yawa. Mai hankali zai ce: a irin wannan wuri, kawo wata sabuwar harka da za ta ɗaga darajar fili ai ƙara wa wuta itace ne. Yana da gaskiya idan irin yawon buɗe idon da ake nufi shi ne mai neman a killace hekta dubbai a ba wani kamfani. An ga haka a Loliondo ta Tanzaniya a 2022, inda gwamnati ta shata murabba'in kilomita 1,500 ta ware don namun daji da farauta, aka kori Masai makiyaya daga filayen da suke kiwo, aka yi arangama har da zubar da jini. Amma hanyar ƙafa ba ta cin fili. Tana ratsa gonar wannan, ta bi gefen makiyayar wancan, kuma ba za ta yiwu ba sai kowannensu ya yarda, wato sai an zauna da sarakuna da ardo-ardo da jauro-jauro an tsayar da wanda zai samu me. Ruwanda tana karɓar dala 1,500 daga kowane mai son ganin goggon birin dutse, kuma tun 2017 take ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayenta don ayyukan ƙauyukan da ke kewaye. Mambila ba za ta ga irin wannan farashi ba, amma ƙa'idar tana aiki ko a kan naira dubu biyar. Tawagar da jagoranta Bamambile ne, mai dokinta Bafulatani, direbanta Bahaushe, ta samar da mutum uku da kowannensu zai yi asara idan rikici ya tashi. Wannan ba zai warware rikicin fili ba, warware shi aikin hukuma da shari'a ne, amma yana ƙara yawan masu son a zauna lafiya saboda abincinsu yana ciki.

Maganar tsaro kuwa a fili take. Akwai garkuwa da mutane a wasu hanyoyin Taraba, rikicin yankin masu magana da Turanci a Kamaru ya turo 'yan gudun hijira har Sardauna, kuma daji mai faɗin Gashaka-Gumti zai iya zama maɓoya idan aka bar shi, kamar yadda ya faru da gandun Kamuku a Kaduna da wasu sassan gandun Kainji. Babu wanda ya isa ya tallata wuri yana ɓoye wa mutane wannan. Sai dai darasin Kamuku shi ne dajin da hukuma da mutanen kirki suka janye daga cikinsa wasu ne suke cikewa. A Gashaka an ɗauki wata hanya: tun 2017 hukumar gandayen daji ta ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da gidauniyar Africa Nature Investors, aka ɗauki dogaran daji daga ƙauyukan yankin aka horar da su, ana sintiri. Ƙauyukan makiyaya da doka ta amince su zauna a cikin gandun, irin su Chappal Hendu da Filinga, su ne idon farko da ke ganin baƙuwar fuska. Mutumin da yake samun wani abu daga masu ziyara yana da dalilin kai rahoto, wanda kuwa bai san gandun da komai ba sai tara da kamun shanu, shiru zai yi.

Wasu iyaye da malamai suna da wani ƙorafin daban, cewa yawon buɗe ido yana zuwa da shaye-shaye da shigar banza da raina al'ada. Ba tsoron banza ba ne, an ga garuruwan bakin teku da suka lalace ta haka. Amma wannan ma ya danganta da wanda ke riƙe da ƙofa. Otal ɗin da ke bayan katanga, mai shi yana Legas, ba ya jin maganar kowa a gari. Baƙon da ya sauka a gidan mutum kuwa dokar gidan yake bi: a gaya masa yadda ake shiga, inda ba a ɗaukar hoto, cewa ba a ɗaukar hoton matar aure sai da izini, cewa ba a ƙirga shanun mutum a gabansa. Wanda ya yini yana hawan dutse da jaka a baya, abin da yake nema da daddare ruwan zafi ne da abinci da wurin miƙe ƙafa.

Akwai kuma masu cewa duk wannan ƙaramin ciniki ne, abin da zai fitar da yankin daga talauci shi ne madatsar wutar lantarki da ma'adinai. Na yarda kuɗin jagora da dako ba za su gina jiha ba, kuma duk wanda ya ce yawon buɗe ido zai maye gurbin noma da kiwo a Mambila yana yaudarar mutane. Amma a duba abin da manyan alkawura suka haifar. Aikin wutar Mambila mai megawat 3,050, wanda aka sanya hannu a kan kwangilarsa ta dala biliyan 5.8 a 2017, ya maƙale a shari'a da neman kuɗi, gwamnatoci sun zo sun wuce ana ambatonsa. Saran madobiya da aka yi ta yi a Taraba ana lodawa zuwa Sin ya kawo kuɗi na 'yan shekaru, ya bar dazuzzuka a tsirara, har sai da hukumar kula da cinikin tsirrai da dabbobi ta duniya ta dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018. Haƙar duwatsu masu daraja a wajen Nguroje ta bar ramuka a filin kiwo. Waɗannan duka ana cin su sau ɗaya ne. Dutse da kurmi kuwa ana iya sayar da ganinsu bana, a sake sayarwa baɗi, muddin suna nan. Kuma amfanin tsayuwarsu ya wuce na baƙi, domin daga waɗannan tsaunuka ne kogin Donga da kogin Taraba suke samun ruwan da suke kai wa Binuwai. Manomin shinkafa da masunci a can ƙasa suna da rabo a kurmin da ba su taɓa gani ba, ita kanta madatsar da ake jira ba za ta yi aiki da kogin da ya cike da yashi ba.

Ba ina cewa gwamnati ta naɗe hannu ba ne. Aikinta yana nan, kuma ya fi yanka kyalle wuya domin ba ya fitowa a hoto. Hanyar Bali zuwa Serti zuwa Gembu ita ce komai, kuma gyaranta zai amfani mai kai dankali da fiya da ayaba kasuwa kafin ya amfani ɗan yawon buɗe ido, saboda haka ba asara a ciki ko da baƙo ɗaya bai zo ba. Bayan hanya sai mutane: a horar da matasan Nguroje da Gembu da Serti da Gashaka aikin jagora da taimakon gaggawa, a ba su shaida, a kafa ƙungiyarsu, a tsayar da mafi ƙarancin ladan ɗan dako da mafi yawan nauyin da zai ɗauka, domin a Kilimanjaro an daɗe ana kukan yadda kamfanoni suke cutar 'yan dako, bai kamata a jira sai abin ya faru a nan ba. A rubuta kuɗin shiga a allo kowa ya gani, a rubuta kason ƙauye, a riƙa karanta shi a gaban jama'a. A sa dokar cewa duk ledar da ta hau dutse sai ta sauko. A tanadi yadda za a sauko da wanda ya karye ko numfashinsa ya sarƙe, da asibitin da za a kai shi. Sannan a samu ofishi ɗaya mai lambar waya da ake ɗauka, wanda zai gaya wa mai tambaya daga Zariya gaskiyar halin hanya, da cewa daga Disamba zuwa Maris ne lokacin hawa, da abin da zai kashe. Masu kuɗin da suke son gina masauki su gina da kuɗinsu, a kan filin da aka samu da yardar masu shi, bayan baƙi sun fara yawa.

Kirana ga gwamnatin Taraba da 'yan majalisar da ke wakiltar Sardauna da Gashaka shi ne, kafin a sa hannu a kan wata yarjejeniyar gina wurin shaƙatawa a kan tsaunin, a kira sarakuna da shugabannin manoma da na makiyaya da hukumar gandun a zauna a Gembu, a shata hanyar ƙafa ɗaya tak daga Nguroje zuwa Chappal Waddi, a amince da kason kowane ƙauye da za ta ratsa, a horar da rukunin farko na 'yan jagora, a gwada ta rani biyu a ga abin da za ta kawo. Ƙungiyoyin matasa masu hawan dutse da makarantun Arewa kuma su sa Mambila a jadawalinsu na rani mai zuwa, su ɗauki jagora daga cikin 'yan wurin, su biya shi haƙƙinsa cikakke.